Ciwon Manya na Barnabas Fenlow

Idan ana lissafa mutanen da ƙasar Ingila ta yi sa'ar samu a zamanin Sarauniya, duk wanda ya tsallake Barnabas Fenlow na garinmu Odbury ya ci amanar tarihi. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma babu wanda ya fi shi sanin kansa.

Attajirin ulu ne. Ubansa, Hob, da hannunsa yake aske tumaki, amma wannan ba maganar da ake yi a gaban Barnabas ba ce. Tun ranar da ya je Landan ya sayo tambarin asali irin na manyan gidaje, kakanninsa suka tashi daga makiyaya suka koma mayaƙa, su ma ba a yi shawara da su ba. Mu dai Bakin Fada muke kiransa, don ba ya buɗe baki sai da fada. A fada ba a atishawa haka. A fada ba a yanka cuku da wannan hannun.

Kuma ya san fadar, kada wani ya yi musu. Shekara tara da suka wuce yana tsaye a bakin kogi jirgin Sarauniya ya wuce, filafilin wani matuƙi ya fantsamo masa ruwa a kafaɗa. Rigar tana nan rataye a zaurensa, ba a taɓa wanke ta ba, baƙo kuwa sai ya gaishe ta kafin a ba shi wurin zama. Kwalar wuyansa mai sitaci ta fi faifai faɗi, har sai da maƙeri ya ƙera masa cokali mai tsawon kamu don miya ta isa baki. Da ya ji manyan fada haƙoransu sun yi baƙi saboda shan sukari, sai ya riƙa goga wa nasa gawayi kowace safiya, ya fito kasuwa yana yi wa talakawa murmushi kamar murhu.

Abu ɗaya tak ya rage wa bawan Allah a duniya: Sarauniya ta ɗora masa takobi a kafaɗa, ya durƙusa yana Barnabas, ya miƙe yana Sir Barnabas.

Sai ga labari cewa rangadin bana ta Odbury zai bi, kuma Sarauniya za ta kwana. Gida biyu ne a garin da za su iya ɗaukarta. Akwai nasa, akwai tsohon gidan dutse na maƙwabcinsa Ralf Dunnock, dattijon da ke hira da tumakinsa, rufin gidan kuwa yana yoyo a wuri shida. Wannan ai ba gasa ba ce. Barnabas ya gina sabon ɗaki, ya sa aka zana zakoki a bango, ya kori kajin unguwa. Abin da ya rage kawai jami'in fada ya zo ya duba gida, ya sa alli a ƙofa.

Saura kwana uku jami'in ya iso, basira ta sauko wa Bakin Fada yana tsakiyar cin abincin rana.

"Sibil," ya ce da matarsa, "ke ba ki san fada ba. Kowane gaja zai durƙusa a bakin ƙofa, ya miƙa kyauta, ya yi jawabi. Har mai gari zai yi, da wannan muryar tasa ta akuya. Manya ba haka suke ba. Babban mutum idan yana son abu, kwanciya yake yi. A kai labari cewa wane yana kwance, begen ganin fuskar Sarauniya ya kayar da shi. Sai ta tako da ƙafarta har bakin gado, ta ce, 'Tashi, bawana.' To daga nan zuwa takobi taku nawa ne?"

"Maigida, kai da ka tashi da cinyar rago yanzu-yanzu?"

"Ciwon manya ba ya taɓa ciki."

"To Allah ya ba ka lafiya tun kafin ka kwanta."

Ranar da aka sa, ya shafe fuska da farar hodar Sibil, ya ninka gawayin haƙora, ya lulluɓa da bargo uku a tsakiyar zafin Yuli. Don kada a taɓa goshinsa a ji sanyi, sai ya tuna dabarar da suke yi suna yara idan ba sa son zuwa coci: albasa a hammata, jiki ya ɗau zafi. Ya aika kicin aka kawo albasa, ya zaɓi babba, don shi ba ya yin abu ƙarami, ya cusa ta a hammata.

Jami'in, wani siriri mai suna Doget, ya zo da allinsa da littafinsa. Ya auna ɗakuna, ya leƙa bututun hayaƙi, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya ƙirga dawakan da barga za ta ɗauka. Komai ya yi masa. Har ya ɗaga alli zai rubuta a ƙofar sabon ɗaki, sai ya ce, "Ina mai gidan?"

Aka kai shi. Barnabas ya buɗe ido ɗaya, ya yi nishi mai tsawo irin na masu asali.

"Ranka ya daɗe, ka gafarta mini rashin tashi. Ka faɗa wa Uwar Ƙasa bawanta yana kwance kwana uku, jiki kamar garwashi, ba ci ba sha. Idan rai ya kai ni in ga inuwarta, to. Idan kuwa bai kai ba, ka ce mata da sunanta a bakina na tafi!"

Ya ɗaga hannu sama don jawabin ya cika. Doget ya ga fuska fari fat, ya ga baki baƙi ƙirin, ya ga gumi, sannan ya ga abu kamar dunƙulen hannu ya tokare riga a hammata. Duk wanda ya zauna a Landan a shekarar annoba ya san inda kumburinta yake fitowa. Alli ya faɗi. Doget ya toshe hanci da hannun riga, ya riƙa ja da baya har ya ci karo da ƙofa.

"Kin gani?" Barnabas ya ce da Sibil. "Da baya ya fita. A fada sarakuna kaɗai ake yi wa haka."

Ba a yi sa'a guda ba sai ga Gwaggo Tomasin da jar sandarta. Ita ce tsohuwar da dattawan gari suka rantsar don duba masu annoba, ita ce kuma ta karɓi haihuwar rabin Odbury, har da Bakin Fada. Ta yaye barguna ba sallama, ta sa hannu, ta zaro.

"Barnabas ɗan Hob! Da gemunka?"

"Gwaggo, ki iya bakinki. Wannan al'amari ne na fada."

"Al'amarin miya dai. Ɗaga ɗayan hannun in gani ko akwai kabeji."

Sibil ta cusa baki a gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Saurara, ɗana," in ji tsohuwar. "Mutumin nan yana masauki, ana ɗaura wa dokinsa sirdi. Ya ce idan annoba ce ya soke gidanka, gidan Ralf za a sauka. Idan ba ita ba ce zai dawo ya sa allinsa. Amma ka san ƙa'ida. Abin da na gani a zauren kasuwa zan faɗe shi, gaban dattawa, hannuna a kan Littafi, kuma abin da na ciro sai na ɗaga kowa ya gani."

"A zauren kasuwa?"

"Yau ma ranar kasuwa ce."

"Maigida, don Allah bar ta ta faɗa," in ji Sibil. "Dariyar mako ɗaya ce, Sarauniya kuwa a ɗakinka za ta kwana."

Barnabas ya dubi albasar. Ya hango mai gari yana riƙe ciki, ya hango mahauta, ya hango sunan da zai bi shi har kabari ko da takobi goma aka ɗora masa. Sannan ya ja bargo zuwa haɓa, cikin natsuwar da ta dace da jikan mayaƙa.

"Mace ba ta san mutunci ba. Annoba ta kashe 'ya'yan sarakuna, ba abin kunya ba ce. Gwaggo, je ki ce ba ki tabbatar ba."

"In ban tabbatar ba, kwana arba'in za a kulle ku."

"A kulle."

Tsohuwa ta jefa albasar a aljihu, ta ce ba za ta bari a yi asararta ba. Kafin la'asar an buga ƙusoshi a ƙofa, an zana jan gicciye, an ajiye mai gadi da sanda.

Ta tagar sabon ɗakin, tsakanin zakokinsa, Bakin Fada ya kalli rangadin. Kekunan kaya sun fi ɗari uku, sai masu tambura, sai mata a kan fararen dawaki. Da suka zo daidai gidansa kowa ya toshe hanci ya zaburi doki. Ya ce wa Sibil babu gidan da aka girmama da sukuwa sai nasa. Washegari aka ji ƙararrawar coci da shewa daga gidan dutse, mai gadi ya ɗago kai ya yi masa albishir: Ralf ya ba Sarauniya dariya da labarin tumakinsa, ta karɓi takobi a hannun wani ta ɗora masa.

A rana ta goma sha biyu aka miƙo takarda ta taga a bakin doguwar sanda, tana warin ruwan tsami. Hatimin fada ne, ja, mai faɗi. Barnabas ya sa kwalarsa mai sitaci kafin ya taɓa ta, ya tara matarsa da masu aiki, ya miƙe tsaye.

"Ku shaida. Yau fada ta rubuto wa gidan Fenlow. Sibil, karanta da ƙarfi, har na waje su ji."

Sibil ta warware, ta karanta. An hana mai wannan gida kusantar duk inda Sarauniya take da tazarar mil biyar, har shekara ta zagayo.

"Wannan kulawa ce da lafiyata," in ji shi. "Karanta sama, wajen suna. Yaya suka rubuta shi?"

Ta juya takardar, ta sake juyawa.

"Sun ce, 'Zuwa ga maƙwabcin Sir Ralf.'"