Ranar da Aka Auna Tumbina da Haske

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni kuma ina aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar kimiyya. (Sunan aikin ne babba. Ainihinsa shara da riƙon makulli.)

Malaminmu na kimiyya, Malam Sabo, siririn mutum ne marar hayaniya. Wata uku ya yi yana haɗa wata na'ura: 'yar fitila mai jan haske da madubai, a kan teburin ƙarfe. Teburin kansa sai da ya ɗora shi a kan robar cikin tayar babur guda huɗu, don kada motsin ƙasa ya taɓa shi. Hasken yana rabuwa biyu, ya je ya dawo ya haɗe, sai ka ga layuka ja da baƙi a bango kamar zanen saƙi. In ƙarfe ya lanƙwasa ko da kaurin gashin gira ne, layukan sai su gusa. Aikinta ke nan, awon lanƙwasar da ido ba ya gani.

To amma wa zai je majalisar mai shayi ya ce yana gadin abin awon ƙarfe? A lokacin rediyo ba ta da zance sai ƙwayoyin cutar da ake tsoron a saki a yaƙi, da maganin da ake ta nema. Sai na ce musu ai maganin yana ofishinmu. Na ce haskenmu in ya dalle ƙwayar cuta, ko salati ba ta samun yi. Na faɗa, na maimaita, har wani direba ɗan Ringim ya roƙe ni in haska masa basir.

Abin kunyar, a mako na uku ni ma na fara yarda.

Ana nan sai aka ce kwamiti zai zo daga ma'aikata. In sun ga ana amfani da kayan, a bar mana. In ba haka ba a kwashe a kai wata makaranta, Malam Sabo ya koma zane da alli, ni kuma in koma gadin ƙofa.

"Don Allah, yayana," in ji Malam Sabo, "ranar kada kowa ya taɓa teburin nan. Ko ƙuda."

"Malam, ko inuwata ba za ta taɓa shi ba."

Ranar ta zo, ni kuwa na tashi da kumburin ciki, don na ci ɗanwake na mutum uku. Aka ja labule, ɗaki ya yi duhu. Shugaban kwamitin, wani Alhaji mai tabarau, ya tsaya gaba da takardarsa. Ni ina baya, cikina yana kiɗan kalangu. Sai shaiɗan ya raɗa min: ga magani a gabanka kyauta. Na matsa a hankali, na ɗage riga, na jingina tumbi a bakin tebur wajen fitilar.

Layuka suka fara rawa a bango. Su je gabas, su dawo yamma.

"Haka take yi?" in ji Alhaji.

"A'a, ranka ya daɗe. Don Allah kowa ya tsaya cak."

Kowa ya tsaya. Na riƙe numfashi, layuka suka tsaya. Na saki, suka tafi. Malam Sabo ya duba madubai, ya duba wayoyin lantarki, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Alhaji ya ciro biro. Sai cikina ya yi wata ƙara kamar tifa tana sauke tsakuwa, layukan suka watse gaba ɗaya.

Wani ya yaye labule.

Ga ni, riga a hammata, cibiya jajir da haske.

"Bawan Allah," in ji Alhaji, "me kake yi?"

"Yallaɓai... magani nake sha."

Malam Sabo ya dube ni, na ce yau kam sai ƙofa. Sai ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gwajin nan. Yayana, ja numfashi." Na ja. "Saki." Na saki. Ya riƙa ƙirga layukan da ke wucewa, yana bayanin yadda ƙarfen tebur ke lanƙwasa a ƙarƙashin tumbina. Sau bakwai aka maimaita, don Alhaji ya ce bai gane ba. (Ya gane. Hawayen dariya yake sharewa.)

An bar mana kayan. Ni ma an bar min makullina, tare da sunan da ɗalibai suka raɗa min, Baba Ma'auni, wanda har jikokina sun gada. Direban nan ɗan Ringim kuwa, duk inda ya gan ni sai ya rage gudu ya leƙo: "Likita, cikin ya warke?"

Tun daga ranar na ɗauki darasi. Ban daina zuƙi ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Amma in na dafa wa mutane, ba na ƙara ɗanɗanawa.