Baƙin Mai a Cikin Waya

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinki da sassafe, wanda bai taɓa zuwa da alheri ba," in ji tsohon direban, ko kai bai ɗago daga cikin injin ba.

"Ni ma ba wurinka na zo ba, Kaka. Wurin motar na zo, ita ce ke da sauran amfani."

Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa marigayi, tana aikin wayarin a garejin kamfanin da ke sayar da irin motarsa. Tun ranar da ta fara sa rigar aiki ya laƙaba mata Injiniya don tsokana, sunan kuma ya bi ta. Motar a-kori-kura ce mai amfani da gas, tana ƙofar gida bonet a buɗe. Wata biyu ke nan da kamfanin ya aiko takarda cewa a kawo duk motocin wannan ƙirar. Baƙin mai yana tsatsa daga wani soket a jikin injin, yana bin cikin wayoyi har ƙwaƙwalwar mota, za a sauya wayarin ɗin kyauta. Ranar Asabar za a rufe karɓa. Jiya kuwa motar ta mutu wa tsohon a tsakiyar hawa da lodin siminti, har ta fara komawa da baya. Injiniya ta zo ne da niyyar ba za ta tafi ba sai da makulli.

"Ina takardar da muka aiko maka?"

"Tana aiki. Na naɗe ta na tokare gilashin ƙofa, ya daina kaɗawa. Kin ga abu na farko mai amfani da kamfaninku ya taɓa ba ni."

"An ce jiya ka koyi tuƙi da baya."

"Ƙarya ake min. Na manta hulata ce a ƙasan tudu na koma ɗaukowa."

"Da buhu arba'in a baya? Mai faci ya ce salatinka har masallaci an ji."

"Mai faci kurma ne. Ke kuma ki iya bakinki, ko in sake ki in auro mai sayar da taya."

"Ka sake ni mana! Wa zai kwashi ango mai haƙori huɗu, biyu ma suna neman ritaya?"

"Da haƙoran nan na fere wayar da ta fi ki shekaru. Shekara arba'in da ɗaya ina kan titi, ban taɓa jin inda mai ya hau waya ba. Mai ƙasa yake yi. Ko a makarantarku an koya masa hawan bishiya ne?"

"Fitilar ƙwai da ka yi karatun da bai shiga ba da ita, kananzir a sama yake ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"Wutar fa?"

Tsohon ya ɗauki tsumma yana murzawa.

"Lagwani ke ja," ta ce. "Wayar nan ba sanda ɗaya ba ce, siraran zaruruwa ne a cikin roba. Mai yana samun baki sai ya bi tsakaninsu, a hankali, har ya isa inda bai kamata ba. Ranar da ya jiƙa ƙwaƙwalwar, sai ta kashe maka injin ba sallama."

"To ai ga shi, duba da idonki. Ko ɗigo babu."

Ta leƙa. Injin yana ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Ga roba da ruwan omo a gefe, ga tsohon buroshin haƙori.

"Kaka! Wanke shi ka yi?"

"Tun asuba. Mutum ba ya zuwa gaban likita da dauɗa, balle ke da ba likita ba."

"Wato ka ji zan zo, ka yi wa mara lafiya kwalliya."

Ta sa hannu can bayan injin, inda buroshi ba ya kaiwa, ta danna ta zare babban soket ɗin ƙwaƙwalwar. Ta kifa shi a tafin hannunta. Baƙin mai ya ɗigo, ɗaya, biyu, uku.

"Wannan fa? Turaren da ka saya min ne?"

"Ke kika zo da shi a hannun riga. Na san halinku, 'yan kamfani."

"Mita ɗaya da rabi ya yi tafiya, ya fi ka ƙoƙari jiya. Kawo makulli."

"Ba inda za ta. Ku cire mata jijiyoyi ku sa mata na roba? In ji wa?"

"Na yanzun ma na roba ne."

"Ba irin ɗaya ba ne."

Yadda ya faɗe ta ne ya sa ta sake dubawa. A inda damin wayoyin ya ratsa kusa da ƙarfen batir, an naɗe shi da shuɗin salatif, tsawon taƙi guda. Naɗin ya yi daidai, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, an kuma lanƙwasa bakin don a samu wurin kamawa. Duk inda hannu ke kaiwa tsohon ya wanke, nan ne kawai buroshi bai taɓa ba. Ta san naɗin. Haka aka koya mata a kan teburin tsakar gida tana 'yar shekara tara, haka take yi har yau.

"Aikin Baba ne," ta ce.

"Ƙarfen yana gogar wayar. Ya ce in riƙe masa tocila." Ya ninke tsumman gida biyu, ya sake ninkewa. "Na tambayi wani da ya kai tasa. Ya ce tsohon wayarin ba ku bayarwa."

"Ba ma bayarwa. Lamba ake sa masa a mayar wa masu ƙera motar."

"To kin ji."

Injiniya ta goge hannu a rigarta. Ta nuna shuɗin salatif ɗin.

"Wayar tasu ce. Salatif ɗin kuwa ba su suka saya ba. Ni zan yi aikin, ba wanda zai sa wuƙa. In warware shi a hankali in naɗe maka a jikin fensir in kawo. Sabon wayarin ma nan zai bi, ƙarfen nan zai goge shi. Sai an naɗe."

"Wa zai naɗe? Ke? Da waɗannan yatsun kamar sifana goma sha bakwai?"

"Ni. Kai kuma ka riƙe tocila, in hannun bai fara rawa ba."

"Hannuna? Da hannun nan na taɓa tsayar da tirela ba burki!"

"Jiya ina yake?"

Dariya ta ƙwace masa, har ya dafa bonet yana tari. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya riƙe shi sama inda ba za ta kai ba.

"Da sharaɗi. Ni zan tuƙa."

"A'a. Motar janwe na zuwa ƙarfe goma. Wannan ba za ta sake hawa titi da ƙafarta ba sai na gama da ita."

"A ɗauke ni a goye a gaban mutanen unguwa?"

"Kai a gaba za ka zauna, kusa da direba. Ka koya masa tuƙi da baya."

Ya saki makullin a tafinta, kan tabon man.

"Karɓi, ja'ira. Amma in naɗin ya karkace ko da zagaye ɗaya ne, sai kin warware kin sake."

"Na sani," ta ce. "Haka Baba ma yake sa ni."