Makullin Ɗakin Tukwane

"Lafiya lau muka tashi, sai dai ganinka da sassafe bai kwanta mini ba. Me ka ɓoye a aljihu?"

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, Kafinta, tana zaune a bakin ɗakin tukwane. Shekara goma sha tara ita ke riƙe da kayan ƙungiyar matan unguwa, manyan tukwane da farantai da tabarmi, duk mai taro wurinta yake zuwa aro. Kowane ƙarshen shekara sai ta ce ta gaji ta ajiye, mata su taru su roƙe ta, ta ja aji kwana biyu sannan ta haƙura. Bana ta faɗa kamar yadda ta saba, sai suka ce Allah ya saka da alheri, suka zaɓi matar Direba. Ga sabuwar shekara ta kama, makulli kuwa yana nan rataye a wuyan Kaka.

"Tef ne, amarya. Awo na zo yi."

"Idan na makara ne, koma. Sai na binne ka na auri mai mota."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori uku, biyu ma rawa suke."

"Ukun nan sun tauna naman da ba ka taɓa saya wa matarka ba. Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake. Tun kana yawo ba wando, in za ka yi ƙarya kunne kake sosawa. Matar Direba ce ta turo ka karɓar makulli, don ba ta da idon kallona."

Kafinta ya fito da tef ɗin daga aljihu. Ya ja tef a jikin bango, ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi alama. Kaka ta bi hannunsa da ido kamar mai gadin shanya.

"Au, har da ɗakin? Tukwane ba su fita ba ka fara rabon gado?"

"Gadon me gare ki? Buta mai yoyo da rediyon da sai an mare shi yake magana."

"Ya dai fi ka jin magana. Ita wadda suka zaɓa, ta san tukunyar da ba ta son wuta da yawa? Ta san gidan da ba a haɗa musu da murfi, don murfi ba ya dawowa?"

"Ba ta sani ba. Jiya ta daɗe a ƙofar shagona, ta kasa ƙarasowa nan."

"Ka ji ko? Na ce ita ce."

"Ba aike ta ba ni ba, tsoronki take ji. Ni kuwa na ce ta haƙura, tsohuwar nan roƙo take jira, da makullin za a kai ta."

Kaka ta dubi kunnensa. Da ƙarya ya yi, da ta san inda za ta kama shi. Ta shafa igiyar wuyanta, wadda gumi ya mayar baƙa.

"To awon na mene ne?"

"Taga zan fasa, in sa miki kantar sayar da kaya. Bangon nan hanyar makaranta yake kallo. Ki zuba alewa da fensir ki zauna. Bakin nan naki in ba a samo masa masu ciniki ba, mu zai cinye kafin shekara ta raba."

"Kai kuma me za ka ci a ciki? Ba ka taɓa buga ƙusa don Allah ba."

"Zaman lafiya. Da alewa kyauta, haƙƙin maigida."

"Maigidan da ko tsintsiya bai taɓa kawowa ba."

Ta daɗe tana kallon alamar fensir a bango. Sannan ta ciro igiyar ta kai, ta maƙale a ɗankwali, ta fizge ta. Kafinta ya miƙo hannu, ta buge shi.

"Ba kai zan ba. Je ka ce ta zo da ƙafarta, in ƙwanƙwasa mata tukwanen ɗaya bayan ɗaya ta ji muryar kowace. Tagar kuma ka yi ta da faɗi, yadda zan riƙa hango ƙofar gidanta."

"Wato dai ba ki ajiye ba."

Kaka ta yi dariya har ta dafe ƙirji.

"Makulli na ajiye, mijin banza. Ido ai nawa ne."