Hannun Mati a Kan Dutse

A ƙauyenmu an yi wani mutum, Mati. Ya haura arba'in bai yi aure ba, yana gidan yayarsa Tabawa, wadda ta goya shi tun rasuwar uwarsu. Kada wani ya ce muku Mati mahaukaci ne. Abin da aka ce masa kawai yake yi, ba ragi ba ƙari, mu kuwa muna ta dariya kamar mun fi shi.

Wata rana Tabawa za ta gidan suna, ta ce, "Zauna gun shanyar geron nan, kada ka motsa sai na dawo." Hadari ya taso, ruwa ya kece. Da ta dawo ta tarar da shi zaune sharkaf, gero ya bi kwata. "Ban motsa ba, Yaya," in ji shi, haƙoransa na kaɗawa. Ta rasa ta yi faɗa ko ta yi kuka, sai ta hura masa wuta.

Wata rana ciwon ƙoda ya kwantar da Tabawa. Ɗanta Sallau, mai fataucin duwatsun ado, ya ce zai kai ta wani asibiti can ƙasashen gabas a yi mata dashe. Aka gwada dangi kaf, ba wanda tasa ta dace sai Mati. Sallau ya ce, "Kawu, ƙodar nan ta Inna ce yanzu, ka riƙe ta da kyau." Mati ya dafe kwiɓinsa. A filin jirgi masu bincike suka ce ya ɗaga hannuwa, ya ɗaga ɗaya. Da ƙyar Sallau ya fitar da shi, yana ba da haƙuri yana share gumi.

Wata rana, bayan sun yi mako biyu a can, likita ya ja Sallau gefe ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki aikin ba. Sallau bai gaya wa kowa ba, amma uwa ta karanta a fuskarsa. Ta tagar ɗakinta ana hango wani tsauni, a kansa ga ƙaton mutum-mutumin Buddha, fari fat, yana zaune ya ɗaga hannu ɗaya. Washegari ta ce, "Sallau, kai kawunka ya ga abin can, kada ya koma gida ba labari." So take su yi nisa, kada ta cika a gaban Mati. Da Mati ya tsaya yana nuƙu-nuƙu, ta lallashe shi: "In ka hau, ka ɗago mini hannu. Kada ka sauke sai na ɗago maka."

Suka bi ayarin masu yawon buɗe ido. A gindin matakala mai yi musu jagora ya ce a cire takalma a bar su nan. Mati ya cire, ya yi musu kallon ban kwana. Suka yi ta hawa har ƙoli. A sama mutanen garin na zaune shiru da furanninsu, baƙi na ta ɗaukar hoto. Mati ya dubi mutum-mutumin ya ce, "Sannu da hutawa." Sallau ya ce, "Kawu, siffar wani malaminsu ce, ya daɗe da rasuwa." Mati ya nemi inda asibiti yake, ya ɗaga hannu.

Azahar ta yi, ayari ya sauka ya bar su. Hannun Mati ya gaji, ya tallafe shi da ɗayan.

"Kawu, daga nan ko ginin ba a gani sosai, balle taga. Sauke mu tafi."

"Ba ta ɗago ba."

Sallau ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Don dai ya rabu da rigima ya kira ma'aikaciyar jinya ta wayar bidiyo, ya roƙe ta ta kai wa Inna wayar. Matar ta shiga ɗakin, sai muryarta ta canza. Ga Tabawa a wayar, numfashi na fita da ƙyar, ba kowa a kanta. Sallau ya durƙushe yana kuka, yana karanta mata kalmar shahada, leɓɓanta na bi. Sannan ta ga Mati da hannunsa a sama. Ta ɗago yatsu daga kan bargo.

"Na gani, Mati. Sauke."

Ya sauke. Kafin su kai rabin matakala, Tabawa ta cika. Ba don wautar nan tasa ba, da ita kaɗai za ta tafi a ƙasar da ba mai jin bakinta, kuma tun da na ji wannan ban sake yi masa dariya ba.

A ƙasa Mati ya wuce takalmansa, don ba wanda ya ce ya ɗauka. Ya waiwaya ya daɗe yana kallon farin hannun can a kan tsauni.

"Sallau," ya ce, "shi tasa yayar har yanzu ba ta ɗago masa ba."