Hannuna a Bokitin Filasta

A shekarar da kwanon masara ya gagari gidanmu, na je koyon sana'a a Tsanyawa, na dawo ina jin na fi duk maginan tukwanen ƙauyenmu. An nuna mana yadda ake yin mazubi da filasta, farin garin nan da ake yin silin da shi. In kin zuba ruwan yumɓu a ciki, sai kasko ya fito sumul.

Na ɗauki kaskon turaren Inna don in kwafi siffarsa, na dama filasta a bokiti, na tsoma shi. Sai ya taso sama. Ni mai sakandare, na danna shi da hannun dama, na zauna ina jiran ta kama, har ina yi wa Inna bayanin kimiyya.

Ta kuwa kama, har da hannuna zuwa wuyansa. Ashe zafi take ɗauka in tana daskarewa! Na ja, ko motsi, yatsuna kamar a tukunyar tuwo. Na kurma ihu.

Inna ta ce, "Innalillahi! Malam, fito, bokiti ya cinye 'yarka!"

Baba ya zo da guduma, ya ce, "Kar ki motsa, in na kuskure yatsun ne." Yana bugu ina salati. Hannun ya fito jawur, duk bororo, kaskon Inna kuwa ya zama tsingaro.

Har yau in na ga farin gari ja da baya nake. Amma duk bikin da za a yi ƙunshi, sai Goggo ta ɗaga zungurun lalle, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki, ta ƙwala mini kira: "Injiniya, wannan zai ishe ki, ko a kawo miki bokiti?"