Wasiƙar da Na Rubuta wa Aljani da Jan Bik

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi soyayya da aljani ba, soyayyar da ta kai mako biyar cif, shi kuwa bawan Allah bai ma san ina yi ba, don babu shi.

Bari in fara da laifina na asali, wato karatun littattafai. Tun ina kolej a Dogon Dutsi nake da wannan ciwon, da waya ta zo hannuna kuma sai abin ya ta'azzara. Ina da ra'ayi a kan kowane iri, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Masu masarautu a ƙarƙashin ruwa da takubba masu magana ina son su, sai dai sunaye sun yi musu yawa, kafin in haddace sunan sarki an kashe shi an naɗa wani. Na bincike da kisan kai kuwa zuciyata ba ta ɗauka, shafin ƙarshe nake fara leƙawa in ga wanda ya yi aika-aikar, sannan in dawo in karanta hankali kwance ina yi wa ɗan sandan dariya. (Har yau kuma ban ga mai binciken da ya tsaya ya ci tuwo ko ya yi salla a cikinsu ba.) Sai na ukun, waɗanda ɗan sarkin aljanu ke faɗawa son 'yar mutane. A gaban jama'a cewa nake shirmen 'yan mata ne, a ɗaki kuwa su ne abincina. Ku yi mini adalci: a littafi aljani zai jira yarinya shekara ɗari bakwai bai yi ƙorafi ba, samarin Dutsi kuwa in kin yi minti biyar kina neman gyale sun cika unguwa da ƙarar moto, wato babur.

Da wannan kan nawa aka tura ni koyarwa wani ƙauye gaba da Matankari, aikina na farko. Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya Hassi. Ɗakin na ɗanta ne, Nomau, wanda ya tafi neman kuɗi Aljeriya, ya fi shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Iya ba ta da kowa a gidan sai wata farar akuya da take yi wa magana kamar mutum. Ɗakin yana da 'yar taga ta baya, reshen wata tsohuwar tsamiya ya sunkuyo a kanta. Bayan la'asar nan nake kishingiɗa da wayata, iska na kaɗa ganyen, inuwa na yawo a bango, ni kuma ina can fadar da aka gina da gilashi a bayan gajimare. Kewar gida ta dame ni sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba, littattafan nan su suka riƙe ni.

Wata safiyar Alhamis na buɗe taga, sai ga 'yar ƙwarya a bakinta, an rufe da faifai. Madara ce, da ɗuminta. A gefe ga farin goro ɗaya da ƙwayar sukari biyu.

Na san abin da za ku ce. Duk ɗan Arewa ya san ba a taɓa abin da aka gani a gindin tsamiya. Ni ma na sani. Amma wannan ai ba a gindin tsamiya yake ba, a tagata yake. Kuma jiya-jiya na gama wani littafi inda yariman aljanu ya fara neman yarinya da 'yan kyaututtuka a bakin taga, bai nuna fuskarsa ba sai babi na ashirin. Ilimin lekol, wato na boko, ya ce mini, "Ke, ki yi hankali." Zuciya ta ce, "To in kuma shi ne fa?" Na yi bisimilla na shanye. Na wanke ƙwaryar da sabulu, na kife ta a inda na same ta, don kada ya ce 'yar mutane ba ta da tarbiyya.

Alhamis ta gaba ma haka. Ta uku har da 'yar kwalbar turare. Daga nan fa na tashi daga ƙasa. Ina rubutu a allo ina murmushi ni kaɗai. In guguwa ta taso a filin lekol yara su watse, ni in tsaya ina gyara ɗankwali. Na raɗa masa suna, na zaɓa masa farin doki da rawani mai ƙamshi, na yanke cewa muryarsa ƙasa-ƙasa take. Har na fara tunanin yadda zan shawo kan babana, wanda ko kiɗan goge ya ji daga nesa sai ya yi a'uziyya. Madam Rahila, abokiyar aikina, 'yar unguwar mishan ce a Dutsi, ta shinshina turaren ta ce, "Wane ne shi?" Na ce, "Ba ki san shi ba, ba ɗan nan ba ne." (A nan dai ban yi ƙarya ba.)

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne duk littattafan binciken da na karanta ba su amfane ni da komai ba. Ƙwaryar tana da ɗinki da baƙin zare, irin ɗinkin da ke jikin duk ƙoren Iya. Sau biyu na tsinci farin gashi a cikin madarar. Iya da kanta ta sake a makonnin nan, tana shara tana waƙa, ta ce mini, "Ɗiyata, alheri na tahe gidan ga." Ni kuwa na ɗauka ita ma ta ji ƙamshin baƙona ne. Da ɗan sandan littafi ne ya yi wannan sakarcin, da na yi kwana uku ina zaginsa.

A Alhamis ta biyar na ga ya kamata a ci gaba, don a littafi yarinya ce ke fara yin magana. Na yagi takarda daga kayena, wato littafina na shirya darasi, na ɗauki jan bik ɗina, biron da nake gyaran aikin yara da shi, na zauna na zuba hikima. Na naɗe, na sa a ƙarƙashin ƙwaryar, na wuni ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Washegari Juma'a, ƙarfe goma, yara sun fita hutu, mu malamai biyar muna zaune a inuwar gawo muna cin ƙosai, har da shugaban lekol, Mushe Garba (haka ake kiran malami namiji a lekol), mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka sanarwa ce. Sai ga Iya Hassi ta shigo da sauri, ta ci ado da zanen zuwa biki, tana jan farar akuya da igiya. Ta nufo ni kai tsaye, ta kwance bakin zanenta, ta fito da takarda. Tun daga nesa na hango ja.

"Madam, duba min wagga takarda," in ji ta, tana haki. "Doguwa ta amsa!"

Mushe Garba ya ce, "Wace Doguwa, Iya?"

"Ta tsamiyar gidana mana. Mako biyar ina aje mata madara bisa tagar Nomau, don ta maido min shi, tana shanyewa tas. Jiya kau sai ga takarda. Na yi mata alkawali, ran da ta ba ni labari nai, hwarar akuyar ga tata ta. Na riga na gaya ma mahauci."

Ƙosan da ke bakina ya ƙi gaba ya ƙi baya. Fadar gilashi, farin doki, rawani mai ƙamshi, duk suka ruguje a lokaci ɗaya. Ashe abincin iska nake ta kwasa, iskar da aka roƙa ta dawo da ɗan mutane. Ta miƙo mini takardar, na ce idona ne ke ciwo yau. Mushe Garba ya ce, "Kawo nan." Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta da muryar da yake tara yara a gindin tuta:

"Ya kai wanda ke nesa da ido, kusa da zuciya. Na karɓi saƙonka, na kuma gane nufinka. Kullum in iska ta kaɗa ganyen tsamiya na san kai ne. Na gaji da jira, ka bayyana ranar Alhamis mai zuwa, ba zan ji tsoro ba. Taka har abada." Ya ɗan tsaya, ya kai takardar kusa da ido. "Akwai ƙari a ƙasa. Madarar ta yi daɗi, amma in da hali a ƙara sukari."

Iya ta rangaɗa guɗa.

"Kun jiya? Da Nomau take! Mai nisa da ido! Ta kirai shi, ran Alhamis shina tahe! Sukari kau, ko buhu taka so sai in sawo." Ta ja igiya. "Taho mu tahi, 'yar albarka, yau kin biya."

Mushe Garba ya juya takardar. A bayanta ga rabin darasin lissafi da rubutun da yake sa wa hannu duk Litinin. Ya dubi jan tawadar, ya dubi yatsana, ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ninke ta. Na gane ya ba ni hanya: in na yi shiru, shi ma shiru zai yi. Wallahi na so in yi shirun. Amma sai na hango Iya ranar Alhamis, ta yi shara, ta dafa abinci, tana zaune a ƙofar gida tana kallon hanyar mota har rana ta faɗi, ga ɗa bai zo ba, ga akuyar da take hira da ita ta tafi.

Na miƙe. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Iya, tsaya. Ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni ce nake shan madarar. Ni na rubuta takardar. Na ɗauka... na ɗauka wani ne ke kawo mini."

"Wa?"

Nan fa ake yin ta. Na dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa. Na ce, "Aljani."

Madam Rahila ta tura gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Wani malami ya ƙware da ruwa. Yaran da suka taru a bayanmu ba su ma san abin da ake ciki ba suka kwashe da dariya. Iya kaɗai ce ba ta yi ba. Na ga hasken nan da ta shigo da shi ya bar fuskarta a hankali, kuma wannan ya fi mini dariyar ciwo nesa ba kusa ba. Ta dube ni ta ce:

"Shi ya sa. Tun ina budurwa nika ba iskoki abinci, ban taɓa ganin wadda ka wanke ƙwarya da sabulu ta kihe ba."

Ta juya ta tafi, akuya na bin ta a baya tana tsintar ganye.

Da na koma gida bayan azahar na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri, ina kuka wiwi. Ta bar ni na yi mai isata. Can ta ce, "Tashi. Tunda kin iya rubuta ma wanda ba a gani, rubuta ma nawa." A ranar muka zauna da wayar nan da ban taɓa amfani da ita don wani abin kirki ba, ta yi magana na ɗauka, muka tura wa duk ɗan ƙauyen da aka ce yana can wajen Aljeriya, wannan ya tura wa wancan. Wata biyu shiru. Rannan muna tsintar wake waya ta yi ƙara, sai ga muryar Nomau, wai an sace masa waya ne, kuma kunyar kira hannu wofi ta hana shi neman wata hanya. Iya ta ce aikin Doguwa ne. Ban yi gardama ba, wa ya ba ni baki? Akuya dai ta sha wuƙa a ranar, aka aiko mini da cinya guda, wai a kai wa mai tsamiya rabonta.

Har na bar ƙauyen sunana Madam Doguwa, ga ni kuwa ko allo sai na yi ɗage nake kaiwa samansa. Littattafan aljanu ban daina ba, ƙarya ba kyau, sai dai yanzu in na ga kyauta a bakin taga, kafin in tambayi zuciyata wane yarima ne ya aiko, nakan fara tambaya wa ke da akuya a gidan, kuma wa take jira.