Ni da Aljanin Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Nura, ƙanin matata, ya nuna fim ɗinsa na farko a Kurfi ba. Ko na so in manta, ɗalibaina ba za su bari ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Kurfi, gidana kuma a Dutsin-Ma, don haka kullum ina bisa hanya da wani tsohon babur. Wata rana dab da magariba ya mutu mini kusa da wata ƙatuwar tsamiya. Ina ɗaga kai sai ga mutum zaune a gindinta, ya yafa farin yadi, ya tanƙwashe ƙafafu, ido a rufe. Na yi sallama, shiru. Na ce sannu da hutawa, shiru. Na tambayi gida, na tambayi iyali, ko gezau. To a ƙasar nan wane ɗan Adam ne za a jero wa gaisuwa haka bai amsa ba? Ga tsamiya, ga almuru, ga farin yadi. Nan take na san da wa nake tare.

Washegari na ba da labari. Na ce na tsaya ƙyam, na karanta abin da ya sawwaƙa, na daka masa tsawa, ya ɓace ɓat. Na faɗa a majalisa, na faɗa a ofishin malamai, na faɗa a aji (kowane faɗi aljanin ƙara tsawo yake yi). Uwargida har waina ta soya ta yi sadaka, Allah Ya dawo mata da jarumin mijinta lafiya. Girma kuwa na samu. Maƙwabta suka fara kawo mini yara masu firgita cikin barci in tofa musu.

Ana nan sai ga Nura. "Yaya," in ji shi, "na gama fim, kuma kai za ka yi mamu sharhi gaban jama'a, don kai ka san adabi." Yana magana yana danne dariya, amma ban kawo komai a raina ba, tunda dama abokin wasana ne. Na sa babbar riga, aka ba ni kujerar gaba a ɗakin taron makarantarmu. Ɗalibai cike, malamai a gefe, mata a baya, har da uwargida.

Labarin wani saurayi ne da hayaniyar waya ta ishe shi, ya koyi zama shiru, yana bin numfashinsa, yana tafakkuri kan halittar Allah. Aibi kam akwai shi birjik. Iska ta cinye rabin maganar. Saurayin ya shiga ɗaki da shuɗiyar riga ya fito da ja. Akwai wata akuya da ta fi kowa murya, kuma ba ta cikin labarin. Amma fa in faɗi gaskiya, abin ya taɓa ni. An ɗauko bakin dam da hantsi, ruwa kwance lumui, an ɗauko wata tsohuwa tana sheƙar gero ba ta ce uffan ba, sai ga yaran da ba sa yi mini shiru a aji sun yi tsit. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yaron nan da waya ɗaya ya yi abin kirki.

Sai tsamiya ta bayyana. Saurayin na zaune da farin yadi. Daga gefe wani mai hula a karkace ya shigo yana tura babur.

Jama'a, ni ne.

Aka ji sallamata, aka ji gaisuwata. Karatun da na ce na yi? Na kama Falaƙi, ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina cikin addu'ar cin abinci. Tsawar kuwa ga ta tiryan-tiryan, don a nan ne kaɗai iska ta ga dama ta yi shiru: "Ranka shi daɗe, wucewa kawai nike, ina da ƙananan ɗiya." Saurayin ya buɗe ido a hankali ya yi murmushi, kamar yadda aka tsara masa. Na ƙwala "Wayyo Inna!" na ja babur a guje. Tun da na saye shi bai taɓa yin irin wannan gudun ba, ko da mai a cikinsa.

Ɗakin ya ɗauka. Shugaban makaranta ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Yara suna ihu a maimaita, Nura kuwa ya maimaita. Daga baya sai muryar uwargida, cikin dariya har da hawaye: "Malam, wainata hwa? Wa za shi biya ni?"

Ashe wayar na ɗaure a jikin sanda cikin karan dawa, Nura na kwance kusa da ita yana cizon hularsa. Ya ce caji ya kusa ƙarewa, rana na faɗuwa, ba halin tsayawa. Ban yarda ba har yau.

Kuma dole na tashi na yi sharhin. Na ce hoto ya yi kyau, sauti na buƙatar gyara, sannan mai babur ɗin nan ya fi kowa iya wasa, a ƙara masa fitowa. Aka tafa, ni ma na shiga dariyar, don babu sauran abin ɓoyewa. Fim ɗin ya zaga wayoyin Kurfi da Dutsin-Ma, Nura ya yi suna, masu kawo yara tofi suka ɗauke ƙafa.

Da na zauna na duba, gudun ba shi ya kunyata ni ba, kowa na iya gudu. Bakina ne ya ja mini. Cikin duk waɗanda suka kalli fim ɗin nan, babu wanda ya fi ni buƙatar darasinsa. Yanzu ni ma nakan ɗan zauna shiru da safe in bi numfashina, amma a cikin ɗaki, ƙofa a kulle, kuma sai na tabbatar Nura ba ya gari.